Ki Je Ki Duba Wurin In Ruwa Ya Janye

Uwata Hauwa'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, ina kuma gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwarsa, tunda sunan mahaifiyata kika ci, ba ni da ikon raba biyun. Ina fata kun tashi lafiya ke da maigidanki Sadik. Allah ya tsare ku a fita da shiga, ya sa albarka a abin da kuka sa gaba. Mu nan sai godiya. Gwiwar da aka yi wa aiki ta fara jin magana, shekaranjiya har na sauka kasuwar Woolwich na dawo da ƙafata, Ummanki na biye da ni tana faɗa.

Na san za ki yi dariya ki ce me ya yi zafi har da wasiƙa, alhali layi biyu ne tsakanin gidana da naku. Dalili shi ne, in na fara magana da Hausa sai ki amsa da Turanci, Turancinki kuwa ya fi Hausata gudu, kafin in kai ƙarshen zance kin riga kin ɗaure ni da hujja. Takarda ba a katse ta. Kuma tunda kin sha ɓata yammacinki kina zuwa ajin Hausa a Bloomsbury, yau ga ranarsa. Ki samu wuri ki zauna, ki karanta a hankali.

Ranar Juma'a da kuka zo cin tuwo, Sadik ya shimfiɗa mana zancen wurare biyun da kuke tunanin kafa masana'antarku ta ƙera jiragen ruwa na alfarma. Ɗaya shi ne rumbun nan na bakin Thames, ƙasa da mu kaɗan, wanda bas ɗaya zai kai ki. Ɗayan kuwa can bakin teku ne a kudu maso yamma, a garin da aka daɗe ana ƙirar jirgi, tafiya mai tsawo a jirgin ƙasa. Ya ce mako mai zuwa dole ku sa hannu a ɗaya. Da yake bayanin na bakin teku na ga fuskarki ta washe. Da ya dawo kan na Thames na ga kin saci kallon sandata da ke jingine a bango, sannan kika ce, "Baba, I think London makes more sense." Bakina na cike da tuwo, amma na gane sarai. Lissafin gwiwata kika yi, ba na jirgi ba.

To ni ma na taɓa zaɓen wurin aiki, ba sau ɗaya ba, kuma kowanne na zaɓa akwai abin da na ƙi dubawa. Ke kin yi karatun zanen jirgi a jami'a, kin san abubuwan da ko sunansu ban iya faɗa ba. Abin da nake da shi wanda ba a koyar muku ba shi ne kurakuraina. Su zan zube miki, ki tsinci abin da zai yi miki amfani.

Bari in fara da kakanki, don shi bai yi kuskuren ba. Kin san masassaƙin jirgi ne a Yalwan Yawuri. Ban taɓa ganin ya fara aiki bai yi yawo a bakin kogin Kwara ba. Yakan rataya gizago a kafaɗa, ya tsaya nan, ya tsaya can, yana duban alamar da ruwan bara ya bari a jikin itatuwa. In ya gamsu sai ya kafa turke, a nan za a jera katako. A lokacin kogin yana can nesa, har baƙi kan yi mamakin mutumin da ke haɗa jirgi a kan tudu. Shi kuwa ya riga ya auna. Kafin a buga ƙusar ƙarshe a toshe kafofi, ruwa ya ciko ya iso gindin jirgin, mutum kaɗan su sa kafaɗa su tura, jirgi ya hau ruwa. Tambayarsa ta farko kullum ita ce ta ina jirgin zai fita. Na taso ina ganin wannan da idona, amma da zan taho Landan na baro shi a Yawuri tare da sauran kayan da ba su shiga akwati ba.

Labarin shagona na farko kin ji shi, amma daga bakin Ummanki, ita kuwa takan ƙara gishiri. Na yi shekaru ina aiki a ƙarƙashin wasu, ina yi musu katakon cikin jiragen masu hali, har na ga lokaci ya yi in tsaya da ƙafata. Sai na samu shago a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa a Lewisham. Me ya burge ni? Kusa da gidan da muke haya lokacin, kusa da masallaci, kusa da kasuwar da ake samun kuka da daddawa. Duk Bahaushen da ya sauko cefane sai ya bi ta ƙofata. Na ce alhamdu lillahi, ga aiki ga 'yan'uwa, me kuma mutum zai nema?

Babban aikin farko da na samu ƙaramin jirgin shaƙatawa ne na wani Alhaji ɗan Kano mai gida a Landan. Duk jikinsa katakon madaci ne, irin wanda ake shafa wa banish shafi kan shafi har mutum ya ga fuskarsa a ciki. Kin san halin banish. Yana so a share wuri, a yayyafa ruwa a ƙasa, a rufe ƙofa ruf, a shafa, sannan a bar shi shi kaɗai ya bushe. In ƙura ta sauka a kansa yana ɗanye, ta zauna ke nan. To ina cikin shafawa sai in ji daga waje, "Salamu alaikum! Malam Garba, ana ta fama?" Yaya zan yi? Mutum ya tako takanas ya zo gaishe ni, in ce masa ya tsaya a waje? Ba a yi mana wannan tarbiyya ba. Sai in ajiye buroshi in buɗe. Ya shigo da iskar titi da ƙurar takalminsa, mu gaisa, in tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, in ɗora shayi. Kafin ya fita wani ya shigo. Ga jirgin ƙasa a bisa kanmu, duk wanda ya wuce sai ya karkaɗo mana garin bulo daga rufi. Ba a daɗe ba shagona ya zama majalisa, har wani ya kawo benci daga gidansa don kada a riƙa tsayuwa.

Da safe in shafa tafin hannu a jikin jirgin in ji shi kamar an barbaɗa gero. In ɗauki samfefa in goge aikin jiya, in sake sabo. Shi kuma Alhajin, da yake motarsa ba ta daɗewa ta kawo shi, kowace Asabar sai ya zo da abokai. Wannan ya ce kujeru a yi su ja, wancan ya ce ai ja ya tsufa. Alhaji ya juyo ya ce, "Malam Garba, ka yi haƙuri, na yi changing mind ɗina. A mayar da su cream." Asabar ta gaba wani abokin ya zo, a koma ja. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma jirgin da ya kamata ya shiga ruwa a zafin shekarar nan sai da sanyi ya zo ya wuce, wani zafin ya zagayo, yana nan a shagona.

Ranar fitar da shi kuma sai ga babbar motar da za ta ɗauka ta kasa shiga lungun. Direban ya leƙo ta taga, ya dubi lungu, ya dube ni, ya ce, "No chance, mate." A nan na tuna da kakanki da turkensa, kunya ta rufe ni. 'Yan majalisar nan su suka cece ni. Da likita, da ɗalibai, da ma'aikacin council, duk suka naɗe hannun riga, muka ɗora jirgin a kan ƙananan tayoyi muka tura shi har babban titi, Ummanki na gaba tana tsai da motoci da gyalenta. Wannan ɓangaren da take faɗa gaskiya ne, ba gishiri.

Abin da nake so ki ɗauka a nan shi ne, wurin da ya yi wa zuciyarki daɗi ba lalle ya yi wa aikinki daɗi ba. Ke ma jininmu ce, duk Turancin nan naki ba ki iya korar baƙo ba, na sha ganinki. In kika kafa a bakin Thames, duk ƙawar Ummanki da ta fito unguwa sai ta leƙo ta ga "wurin Hauwa". Duk mai kuɗin da ya ba ki aiki zai riƙa biyowa bayan cin abincin rana da sabon ra'ayi. Masu sayen irin jiragenki a Landan suke, gaskiya ne, amma ɗaki ɗaya mai kyau ya ishe su: kujera mai laushi, hotuna, guntayen katako da fata su taɓa su zaɓa. Wannan ki bar shi a nan. Inda ake yanka da goga da shafi kuwa, ki kai shi inda sai mutum ya sayi tikiti ya zauna a jirgin ƙasa kafin ya iso. A hanya zai yi tunani, kafin ya sauka ya san ko ja yake so ko cream. Kuma kafin ki dubi rufi ko bango, ki fara tsayawa a ƙofa ki bi hanyar da jirgi zai bi da ƙafarki, har bakin ruwa.

Kuskure na biyu ya fi na farko ciwo, don shi girman kai ne ya jawo shi. Bayan abin da ya faru a Lewisham zuciya ta ɗebe ni, na ce zan tafi inda babu mai yi mini sallama. Aka nuna mini wata rumfa a bakin wani rafi da ke shiga Thames, can gabas, bayan gidaje sun ƙare. Na je wata Lahadi da yamma. Ruwa ya cika maƙil yana lasar gangaren da ake tura jirgi, tsuntsaye na shawagi, ko'ina tsit. Na dubi alamar ruwa a jikin ginshiƙai yadda kakanki ke yi, na gyaɗa kai. Mai wurin ma, tsakani da Allah, sai da ya ce in sake dawowa wata rana in gani. Na ce a raina, ni ɗan masassaƙin Yawuri, wa zai koya mini ruwa? Na ce masa ba sai na dawo ba.

Ba wai ban san Thames na cika yana janyewa ba, kowa ya sani. Amma duk aikina a cikin rumfa na yi shi, kaina a sunkuye kan katako, wasu ne ke sa jirgi a ruwa. Kuma a jikina ruwa abin watanni ne. A Kwara in ya cika sai ya zauna tare da ku, ya ja baya a hankali, kuna gani. Ranar da na kwaso kayana na iso da safe, sai na tarar babu rafi. Taɓo ne baƙi shimfiɗe har inda ido ya tsaya, da wani ɗan siririn ruwa a tsakiya wanda ko agwagwa sai ta yi dabara. Na tsaya riƙe da akwatin kayan aiki na yi tsuru-tsuru.

Maƙwabcina a wurin wani tsohon maƙerin jirgi ne Bature mai suna Derek. Ya fito da kofin shayinsa ya tambaye ni yaushe na zo duba wurin. Na faɗa masa. Ya yi dariya har da tari, ya ce ai na zo ne a kan babbar cika, wadda ke zuwa da sabon wata da kuma tsakiyarsa. Sauran kwanaki ko ruwan ya cika da ƙyar yake taɓa gindin gangaren. Sannan ya ce, "Garba, ku da kuke leƙen wata don azumi, ba ka taɓa leƙa shi don wannan ba?" Tun daga ranar na zama mai duban wata biyu, ɗaya na addini ɗaya na sana'a. In na gama jirgi sai in zauna jiran wata kafin in sa shi a ruwa, in iska ta ɓaci a ranakun nan kuma sai a jira na gaba. Manyan jirage da ake so in gyara kuwa ba su iya isowa gare ni ko da wane wata ne.

Taɓon ma da sauƙi a kan rashin mutane. Jirgin alfarma ba aikin mutum ɗaya ba ne, Uwata. Akwai mai walda, akwai mai haɗa wuta, akwai mai inji, akwai mai ɗinkin kujera, akwai mai gilashi, kuma kowannensu sai gwani, don mai sayen irin wannan jirgi da yatsa yake bin ɗinki. A bakin rafin nan babu ko ɗaya. In na kira mai inji sai ya ce sai mako na sama, don ba zai yi doguwar tafiya saboda aiki ɗaya ba. Wanda na ɗauka aiki ya yi 'yan makonni ya gudu, ya ce bas ba ya zuwa. Ƙarshe matasan kujera gida nake kawo su, Ummanki ta ɗinka da kekenta a falo, ke kina rarrafe kina jan zare. Na nemi inda babu sallama, na samu. Wata rana na kama kaina ina yi wa Derek sallama da Hausa, shi ma har ya koyi amsawa. Juma'a nawa ta wuce ni a wurin nan, Allah ya yafe mini.

Don haka ki je ki duba kowane wuri a ranar da ya fi muni. Ki je in ruwa ya janye ƙarshen janyewa, ki je ana ruwan sama, ki je da sassafe lokacin da ma'aikata za su zo, ki ga da me za su zo. Mai ba da haya ranar ado zai kira ki, ke ki koma ranar da bai gayyace ki ba. Sannan ki ƙirga hannaye kafin ki ƙirga faɗin rumfa. Ki nemi garin da in mai injinki ya kwanta ciwo akwai wani a bayan layi, garin da yara ke tasowa suna jin warin katako da na faiba, robar nan mai zaren gilashi da ake ƙera jikin jirgi da ita, a rigar iyayensu, inda akwai makarantar da ke koyar da sana'ar. Rumfa ana gina ta a shekara, amma gwanin hannu sai an haife shi an raine shi a cikin aikin.

Na ji kuma kawunki ya bugo daga gida yana cewa ku kai masana'antar Legas, tunda a can ma akwai masu saye, ko ma ku kawo ta Yawuri a farfaɗo da sunan gida. Ba zan ɓoye miki ba, da na ji an ce Yawuri sai da na ji daɗi har cikin raina. A nan ba ni da kuskuren da zan ba ki, don ban taɓa gwadawa ba. Abin da na sani kawai, kusan duk abin da ke cikin jirginki, daga inji har ƙugiyar ƙofa, daga wannan ɓangaren duniya za ki saye shi, kuma sabon kamfani ba ya jure zaman jiran kaya a teku. Ki fara kafuwa inda kayan suke. In Allah ya sa kun yi ƙarfi, ki buɗe wurin gyara a can gida, ki ɗebo 'ya'yan masassaƙa ki koya musu, don hannunsu ba ya ƙasa da na kowa. Ki gaya wa kawunki ni na ce a jira, ya yi fushin da ni.

Yanzu ga abin da ba ki sani ba. Ranar Litinin na sa Ummanki ta raka ni rumbun nan na bakin Thames, na kuma zaɓi lokacin da ruwa ya janye. Bai kai rafina muni ba, amma taɓon na nan, na gane shi ya gane ni. Jirgin da ya kai girman wanda kika nuna mini a zane ba zai fita ba sai an jira cika. Na ɗaga kai kuma na ga dogayen benaye suna tasowa hagu da dama. Mutanen da za su shiga flat ɗin nan sun sayi kallon kogi ne, ba su sayi ƙarar injin goge katako da warin faiba ba. Za su kai ƙara council, kuma za a saurare su. Wata rana mai rumbun shi ma zai ga bene ya fi ki riba.

Ranar Laraba kuma muka tafi can bakin teku. E, mu biyu, da sandata. Ummanki ce ta yi booking a wayarta, muka hau Elizabeth line zuwa Paddington, daga nan jirgin yamma. Duk hanya tana cewa, "Malam, in Hauwa ta ji na biye maka, ni za ta yi wa faɗa." Na ce mata, "Ai shi ya sa na taho da ke." Na riga na duba lokacin da ruwa zai kai ƙarshen janyewa, a kansa muka isa. Na taka har ƙarshen gangaren, Ummanki na riƙe da bayan rigata. Uwata, ruwa na nan. Kore, mai zurfi, ba a ganin ƙasansa. Na daɗe a tsaye ina kallonsa, har ta ce ko na manta da gwiwar ne.

Daga nan na bi hanyar fita da ƙafata. Tirela za ta shiga ta juya ba tare da kowa ya cire gyale ba. Na bi layin ina karanta allunan shaguna: mai inji, mai ɗinki, mai walda, mai sayar da igiya da ƙarafa, wani mai injin kuma. Muka shiga wani ɗan wurin shan shayi, cike da mutane masu ƙurar katako a gira. Wani dattijo a teburin kusa ya dubi hannuwana, bai tambayi daga ina nake ba, ya ce, "Wood or glass?" Wato katako nake yi ko faiba. Na ce katako. Ya matsa mini kujera. Ban san lokacin da muka cinye awa muna zagin banish ba, har Ummanki ta gaji ta fita yawonta. Ta dawo da labarin cewa akwai ɗaki a saman wani kanti inda ake sallar Juma'a, akwai kuma mai naman halal. Kuka da daddawa ne babu, ta ce wannan aikinta ne, za ta riƙa aikowa.

Ba zan yi miki ƙarya in ce wurin ba shi da aibu ba. Iska ce da shi mai shiga ƙashi, kuma tunda muka sauka har muka taso baƙar fata kaɗan na gani. Za a kalle ki, mace, da ɗankwali, kina ba ƙarti umarni. Wasu za su gwada ki. Kada ki ɗaga murya, ki bari aikin ya yi magana, ki san sunan kowa da sunan 'ya'yansa, ki biya haƙƙi a kan lokaci, in Kirsimeti ta zo ki sake su da fara'a kamar yadda kike so a sake ki da Sallah. Ke da Sadik kuma, gardamar rumfa ku bar ta a rumfa. Watannin farko za ki ji kaɗaici, za ki bugo waya kina cewa kin yi kuskure. Ba ki yi ba, sanyi ne, zai wuce.

Saura maganar gwiwa, tunda ita ce ta kawo mu nan. Ki kwantar da hankalinki. Ummanki na nan, ta fi ni lafiya kuma ta fi ni baki. Yayanki Bashir yana Lewisham. Sannan 'yan majalisar nan da suka ɓata mini banish, waɗanda ke raye cikinsu, yau su ke rigimar wanda zai kai ni asibiti. Likitan ya yi ritaya, ba shi da aiki sai ni. Shayin da na dafa musu bai tafi a banza ba, ina shan ribarsa yanzu. Ni na kafa rayuwata a inda mutanena suke, kuma na gode Allah, ban yi nadama ba. Amma ke ba rayuwata za ki kafa ba. Zan yi kewarki, wannan ba sai an tambaye ni ba. Ranar Juma'a zan dubi kujerarki in ji babu daɗi. Sai dai kewa abu ne da zan iya ɗauka. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne in riƙa wucewa ta bakin Thames ina ganin jirginki zaune a taɓo yana jiran wata, in san saboda sandata yake zaune.

Ki sa hannu a na bakin teku.

Abu ɗaya nake roƙo. Na riga na koyi hanya, kuma kin san halina, zan zo ba tare da na yi waya ba. In na iso na tarar kin share wuri, kin yayyafa ruwa, kin rufe ƙofa kina shafi, zan yi sallama, don ba zan iya fasawa ba. Ki amsa daga ciki. Kada ki buɗe. Na ga wani benci a gefen gangaren yana kallon ruwa, na gwada shi, ya yi daidai da gwiwata. A nan za ki same ni in ya bushe. Abin da na kasa yi wa baƙi shekara da shekaru, ke ki yi wa ubanki, ni kuwa in zauna a waje ina alfahari.

Allah ya kai ku lafiya, ya zaunar da ku lafiya. Allah ya tsare ki daga sharrin ruwa da na ƙarfe da na mutum, ya haɗa ki da abokan aiki na gari. Duk jirgin da ya fita daga hannunki, Allah ya sa ya kai mutanensa ya dawo da su. Ummanki na gaishe ku, ta ce in gaya miki ba da son ranta ta bi ni ba, kuma ki zo ki ɗauki daddawarki kafin ku tafi. Ki gaishe mini da Sadik. Allah ya yi miki albarka, Uwata, duniya da lahira.

Wassalam.

Mahaifinki, kuma ɗanki,
Garba